Rabin Wata

Shekara bakwai ke nan ina bayan wannan taga
a asibitin Ƙofar Gayan,
ina ƙirga ƙwaya cikin 'yar leda,
ina zana rana, ina zana wata a jikinta
saboda wanda boko bai ratsa gidansu ba:
ɗaya da hantsi, ɗaya bayan lisha.

Ran Litinin takarda ta iso.
Masinja ya shafa mata gam, ya manna,
ya goge hannu a wando, ya wuce.
Ta ce an sabunta jerin magungunan tsofaffi.
Sabuntawa!
Ashe kalma ma tana iya sa farar riga
ta zo yanka.

Na hawan jini yana nan, amma ƙaramin.
Na ciwon gwiwa, mai gwiwa ya biya rabi.
Na zuciya an ja masa jan layi,
kamar zuciya ce ta yi laifi.
A zo da sabon kati mai hoto,
a karɓi lamba ta waya.
Iya Tabawa ba ta da waya sai ta jikanta,
jikan kuwa yana Kwangila yana lodin mota,
sai dare ya raba yake dawowa.

Na faɗa wa mutum goma sha ɗaya kafin azahar.
Bakina ya koyi maganar
har ta daina yi mini ɗaci.
Sai ga na goma sha biyu.

Na gane hular kafin fuskar.
Malam Barau, na aji huɗu,
wanda ya koya mini ɗebewa
da 'ya'yan tsamiya a kan benci:
in ba ta ɗebuwa, Lantana, ki je maƙwabta ki aro.
Tun asuba ya fito daga Kwarbai,
Keke ya sauke shi, ya ƙarasa da sanda.

Ban iya faɗa ba. Na nuna masa takardar.
Ya ciro tabarau mai ƙafa ɗaya da zare,
ya bi ta layi-layi da yatsa
yadda yake bin littattafanmu da jan biro.
Har ya tsinci kuskuren rubutu a layi na shida,
ya ɗan yi murmushi.

Nawa ne a kemis?
Na faɗa.
Ya juya bayan katinsa, ya jera lambobi:
fansho a sama,
masara, wuta, kuɗin makarantar marayan Hassu,
sannan ƙwaya talatin a ƙasa.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, ba ta ɗebuwa.
Maƙwabtan kuma duk na are su.

Sai ya koma rabawa.
Talatin, in reza ta ratsa tsakiya, sittin.
Wata ɗaya ya zama biyu.
Ko ba haka ba, 'yar aji huɗu?

Na ce, Malam, a allo daidai ne.
Jiki bai san wannan lissafi ba.
Likita ya ce guda, guda ɗin ake nufi.
Ya ce, shi ma wanda ya rubuto takardar
a allo ya yi nasa.

Bayansa layi ya kai gindin dalbejiya,
wani na tari, wata na kiran sunan Allah.
Na rubuta masa sunan maganin da manyan baƙi,
na haɗa da na hawan jinin, ƙaramin.
Hannuna ya tafi zai zana wata kamar kullum,
ya ɗora yatsa a kan ledar:
zana rabi, kada in manta.

Ban zana ba.
Na cika da'irar, na sake bi, har biro ya huda leda.

Da magariba, a hanyar gida,
na ɗaga kai wajen Kufena.
Ga shi can an riga an zana masa,
an yanka tsaf,
ba ko ɓurɓushi.